Tulun Waken Kaka

Malumfashi, Talata.

Assalamu alaikum Baffa Shitu. Ya gida, ya su Umma Rabi da yara? Ka yi haƙuri da rubutuna, tunda aka datse mana sabis sai takarda. Ɗanasabe direba zai kawo maka.

Baffa na yi ɓarna. Ka san sabon waken nan da Baba ya shuka bana, wanda aka ce an taɓa cikinsa tsutsa ba ta cinsa? To an yi roro, Baba ya ce in ɗebi na iri in adana. Na ga tulun da ke ɗakin Kaka da sauran wuri, na juye kwano biyu, har na cakuɗa da toka yadda take yi. Ashe irinta ne na Gozaki, wanda ta zo da shi gidan aure. Bana ba a shuka shi ba tunda gonar nesa ba ta shiguwa saboda rashin tsaro, na tulun nan shi ke nan.

Kuma odiyon ƙarshe da ya shigo wayata kafin a datse, wani ne yake rantsuwa wai duk irin da sabon nan ya taɓa ya mutu, ba zai tsiro ba. Na saurara ya fi sau ashirin, ba halin in bincika. Baffa kai ka yi aikin malamin gona, na kashe waken Kaka ko? Ba wanda ya sani.

Ɗiyarka, Naja'atu.

Funtua, Alhamis.

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya.

Naja'atu, iri ba ya kashe iri don sun kwana a tulu ɗaya. Abin da aka sa wa sabon waken, tsutsar da ke huda kwanso yake kashewa. Ki tambayi mahaifinki feshi nawa ya yi bana. Ki kuma shuka ƙwaya goma daga tulun a gwangwani ki gani da idonki.

Damuwata daban ce. Tsutsa tana iya sabawa da shi wata rana. Idan kowa ya yar da tsohon iri kafin lokacin, ina za a koma? Na Inna, kakarki, yana jure fari, yana ba da harawar awaki, ban kuma san wani gida da ya rage da shi ba.

Ki gaya mata. Ki gaishe ta da jiki.

Baffanki, Shitu.

Malumfashi, Laraba.

Baffa barka da war haka, ina gaida kowa.

Duk goman sun tsiro, har na yi sujada a bayan ɗaki. Baba kuma ya ce feshi biyu ya yi maimakon bakwai, shi ya sa bana ba mu ji tarin nan da ke kwantar da shi ba. Ni ban ma lura ba, ina can kan waya.

Amma tsoron bai tafi ba. Na zuba waken tulun a faranti na haska da fitilar waya, duk farare ne, ban san wanne ne wanne ba. Jiya Kaka ta ce, "Ke uwar latse-latse, jibi ki fito min da tuluna ya sha iska." Na ce to. Kullum tana cewa uwarta ce ta ɗaure mata waken a gefen zane. Da wane baki zan fara? In ta daina kirana uwar latse-latse fa?

Ka sa ni a addu'a.

Naja'atu.

Malumfashi, Litinin.

Baffa, gaisuwa mai yawa.

Na faɗa. Faifai kawai ta nema. Kwana uku tana murza wake ɗaya-ɗaya da yatsa, tunda idon ba ya gani sosai, wai nata ya fi girma da kaushi. Wanda ta yi shakka ta ware, sai an shuka a gani. Abin da ta tabbatar nata ne bai cika kwano ba.

Yau ta kira ni da ainihin sunana. Ta nuna tarin sabon ta ce, "Wannan ki nema masa tulunsa, saboda ƙirjin ubanki." Sai ta kama hannuna ta ɗora a faifan. "Rufe ido. Murza."

Har yanzu ina kuskure, amma gobe ma za mu zauna. Ƙullin waken Kaka da ke cikin takardar nan naka ne, ta ce kada ya sake zama a tulu ɗaya kaɗai.

Ɗiyarka, Naja'atu.