Wanda Nasiru Ya Kira Daga Kan Dutse

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Yaya damina a Maraɗi? Ciwon bayan nan naki ya lafa? Mu nan Panshekara sai godiya.

Kada hankalinki ya tashi, autanmu Nasiru ya gurɗe a ƙafa, amma da sauƙi. Ran Lahadi suka je hawan dutse a Rurum da abokan aikinsa na kamfanin fata. Wajen saukowa ya ware, santsi ya kwashe shi ya faɗa wani rami, su kuwa suka ɗauka ya riga su tafiya. Tun azahar yake zaune, kunya ta hana shi neman taimako. Sai da hadari ya haɗo, cajin wayarsa ya kusa ƙarewa, sannan ya haƙura.

Kin san wa ya kira? Malam Idi, shugabansu a wurin aiki. Shi ya nemo mutanen gari da igiya aka fito da shi. Ni da na goya yaron nan, na kawo shi Kano, na samo masa aikin, sai a bakin mai shayi na ji. Da na tambaye shi dalili, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, kai da faɗa za ka fara."

Yanzu duk mai zuwa dubiya Malam Idi yake sa wa albarka, ni ina gefe ina gasa wa Nasiru ƙafa da ruwan zafi. Na je na yi wa Malam Idin godiya, amma Allah ya sani iyakarta baki.

Ki gaishe da Inna Rabi da su Habu. Ki sa Nasiru a addu'a, ni ma ki roƙa mini sanyin zuciya. Kuma ki gaya mini gaskiya: da ke ce a ramin nan, ni za ki kira?

Ƙaninki,
Bala