Gawona Bai Mutu Ba

Zuwa ga mai girma shugaban masu lissafin hayaƙin ƙasa, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ranka ya daɗe, ni manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Dogo-Dogo. Ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Maƙwabcina ne ya riƙe alƙalami, amma bakin nawa ne. Batu huɗu na kawo maka.

Na farko. A daminar bana, gero na kai wa gwiwa, mutanenka biyu suka zo gonata kan moto, wato babur. Suka ce ana ƙidayar itatuwa ne, domin mai rai yana shanye hayaƙin da ke ɗumama duniya, matacce kuwa ba ya sha, kuma ƙasa za ta kai lissafin gaban sauran ƙasashe. Na ba su ruwa, na bi su. Suka ɗaura wa kowane gawo igiyar awo, suka ɗaga kai, ba ganye. Sai suka shafa masa jan fenti, suka rubuta matacce. Gawo talatin da ɗaya.

Na biyu. Na faɗa musu gawo ba ya ganye da damina. Yana zubarwa ne ya bar wa gero rana, sai an girbe ya tofo. Ko akuyar garinmu ta san wannan. Babbansu ya yi murmushi, ya ce takardarsa gida biyu gare ta, mai ganye da marar ganye, babu gidan da zai sa maganata. Ya kira ni Baba har sau uku, bai goge ko ɗaya ba.

Na uku. Bayan shekarun fari, daga ƙofar gidana ana hango jakin da ke tafe daga ƙauyen gaba, don babu abin da ya tare ido. Iska takan binne shuka sau biyu kafin ta kama. Ba wanda ya kawo mana dashe. Tohon da ya fito da kansa muka riƙa kewaye wa da hauya, muna sassabe rassa, muna faɗa da mai gatari. Ƙanena ya yi shekara bai gaishe ni ba saboda na hana shi sanda ɗaya ta rufin rumbu. Ya rasu. Itacen da na hana shi sara na nan, da fentinku a jikinsa.

Na huɗu, kuma shi ya hana ni zama. Masu itacen sayarwa sun ce jan fenti shaidar hukuma ce cewa busasshe ne, kowa na iya sara. Ranar kasuwa na dawo na tarar da kututture huɗu, ɗanyu, suna zubar da ruwa. Tun ranar ban sake zuwa kasuwa ba. Da wannan tsufan nake wuni a gona ina gadi.

Ban san yadda ake auna hayaƙi ba, ba zan yi gardama a kai ba. Amma in haka aka ƙidaya daga nan har Magarya, ƙarya za ku kai wa duniya, da sunanmu.

Roƙona uku ne. A gyara takardar kafin ta ƙetare. A sanar a rediyo cewa fentin ba izinin sara ba ne. Sannan ka aiko mutum yanzu da rani, ba da damina ba, ya zo da azahar ya tsaya ƙarƙashin matattun nan. In bai sami inuwa ba, ni zan miƙa masa gatari.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya haɗa ka da ma'aikata masu tambaya kafin su rubuta.

Wassalam.
Tsoho Ɗanjuma, mai gawo ashirin da bakwai.