Kwana Uku a Kwance

Lahadi, 5 ga Nuwamba
An yi wa Sundus aiki a asibitin garin Asyut. Dakta Madiha ta ce ƙullutun ruwa ne a ƙasan ƙashin baya, shi ke danne jijiya. Shekara guda ana dukan 'yata kan fitsarin wando, ashe ba ta ma jin fitowarsa. Har da ni a masu dukan.

Doka ɗaya: kwana uku a miƙe, ko filo babu. In ta tashi zaune ruwan lakar bayanta zai yi yoyo, sai a sake yanka.

Litinin, 6 ga Nuwamba
Inna ta iso daga ƙauye da mutum tara da romon tattabara. Na faɗa mata dokar har sau uku. Ta ce, "Ɗan nan, mai shirin mutuwa ake ɗura wa abinci a kwance. Ni na haifi bakwai, likitar taka nawa ta haifa?" Kowa ya yi dariya. Na haɗiye.

Talata, 7 ga Nuwamba
Sallar azahar kawai na je. Na dawo na tarar da Sundus zaune a cinyar Inna, ana ba ta romo. Kafin la'asar amai, ciwon kai, bandeji ya jiƙe sharkaf.

Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai yau. Na ce ta fita. Kawu Sabri wai, "Uwarka fa!" Na ce waccan kuma 'yata ce.

Laraba, 8 ga Nuwamba
An ƙara ɗinki. Kwana biyar kuma, daga farko. In yoyon bai tsaya ba, sai wuƙa.

Juma'a, 10 ga Nuwamba
Mutanen ƙauye sun koma. Inna ta ƙi. Tana kan benci a bakin ƙofa da tukunyarta. Na wuce ta sau huɗu. Ta zauna ɗin.

Lahadi, 12 ga Nuwamba
Bandeji a bushe, Dakta ta ce gobe za a gwada ɗaga kai. Amma yarinya ta ƙi cin komai a hannuna, wai ina zuba mata a kunne.

Na leƙa waje na ce, "Romon zai huce." Shi ke nan abin da na ce.

Inna ta shigo, ta durƙusa a ƙasa da gwiwoyin nan nata masu ciwo, fuskarta daidai ta Sundus, cokali rabi-rabi. Da yarinya ta yunƙura, ita ta riga ni danne mata kafaɗa.

Ban ce na huce ba. Na dai je sallah ban yi sauri ba.