Awa Bakwai a Sama da Zuciyar Baba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa mai kewar yayanta, da fatan kana lafiya kai da iyali. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan kowa ƙalau, Inna ma ciwon gwiwar ya lafa, har ta koma faɗa da kaji.

Yaya, maganar tafiyar Baba wurinka domin aikin zuciyar nan ce ta hana ni sakat. Na je ofishin masu sayar da tikiti. Ma'aikacin ya juyo mini da kwamfutarsa, ya nuna mini wani siririn layi daga garinmu zuwa naku, rabinsa a kan shuɗi. Ya ce awa bakwai ne in ba tsayawa, in kuma za a sauya jirgi a hanya, sai an wuni ana jira. Na tambaye shi, in ciwo ya tashi wa mutum a kan shuɗin nan, ina ake sauka? Ya yi murmushi ya ce teku ce ai, sai an tsallake. Wallahi sai da na nemi kujera na zauna.

Likita bai ɓoye mini komai ba. Ya ce iskar cikin jirgi ba ta kai ta ƙasa ba, dogon zama kuma na iya sa jini ya daskare a ƙafa. Ya rubuta a tanadar wa Baba iskar numfashi. Amma ya ce barin aikin ya fi tafiyar haɗari. Ka san Baba yanzu matakalar asibiti ma sai ya huta a tsakiya, yana dafe da bango, leɓensa ya yi fari. Ni da ban taɓa shiga jirgi ba, ni ce zan riƙe shi a can sama.

Da na gaya masa, dariya ya yi har tari ya sarƙe shi. Wai ya sha yin fiye da awa bakwai a layin ganin likita, kuma ba a ba shi ko shayi ba. Amma jiya na leƙa shagon ɗinkinsa na tarar yana kiran waɗanda suka kawo ɗinki ɗaya bayan ɗaya yana mayar musu da yadinsu, har waɗanda ya riga ya yanka. Ya rufe keken ɗinkin da zane. Bai san na gani ba, ban kuma gaya wa Inna ba.

Baba ya zaɓi jirgin da zai tafi kai tsaye, ni ma na amince. Roƙona ɗaya ne. Kada ka jira mu a mota, ka tsaya daidai ƙofar da ake fitowa, ka zo da likitan da zai yi aikin in zai yiwu. Baba ya ce in ya san kana bakin ƙofar, zai daure ya iso.

Inna da Goggo suna gaishe ka. Ka gaida Anti da ɗanka Sarkin Rigima da 'yar jaririyarmu. Ku yi ta yi mana addu'a.

Taka ƙanwa,
Auta