Zane Goma Sha Ɗaya a Jikin Taraktar Baba

Ruwan Bago, Laraba

Gwaggo Turai,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina gajiya, yaya makaranta, yaya Baba Ashiru da yara? Inna tana gaishe ki.

Gwaggo, a baki ba zan iya faɗa miki wannan ba, shi ya sa na yagi takarda. Kin san taraktar Baba da ke ƙarƙashin darbejiya. Tun da idonsa ya tafi shekara biyu ke nan ba ta motsa ba, amma kullum bayan ya karya sai ya lallaɓa da sandarsa ya je ya shafa ta. 'Yan gwangwan sun dame mu. Jiya ma wani ya yi sallama, ya ce wai a sayar masa da “gawar nan”. Ranar tuwon Baba yadda aka kai masa haka aka ɗauke shi.

Sai na yi tunanin in yi mata fenti. In ta yi kyau, ai ba wanda zai sake kiranta gawa. A littattafan da nake karantawa kullum mota tana sheƙi, mai ita ya fito ana ta kallo. Na san tarakta ce, kada ki yi dariya. Ban taɓa riƙe buroshi ba, kuma ban tambayi Baba ba. Kin san ni 'yar fari ce, ko sunana ba ya kamawa, daga “ke” sai “yarinyar nan”. Ni ma in na zo gabansa bakina nauyi yake yi.

Ko Baba Ashiru yana da ragowar fentin da ya yi wa ƙofarku?

A huta lafiya. 'Yarki,
Munawwara

Karaye, Juma'a

Munawwara,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya yi miki albarka. Dariya kam na yi, har Malam ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Ke da ko tsintsiya sai an kira ki sau uku kina can kin dulmiya cikin littafi, yau ke ce mai fenti!

Ga gwangwani biyu nan na ba direban motar kasuwa, ja da kuma na shafin farko mai hana tsatsa, da buroshi da samfefa. Malam ya ce in gaya miki, sabon shiga gaggawa ce take kayar da shi. Ki wanke ta da omo ta bushe. Ki goge tsatsa da samfefa har sai ƙarfe ya yi sumul, kada ki bar ko kaɗan, in ba haka ba kafin damina ta wuce fentin zai ɓare. Kada ki shafa da tsakar rana. Ki ɗaura tsohon zani.

Ki gaishe da Yaya Badaru da Innarki.

Gwaggonki,
Turai

Ruwan Bago, Alhamis

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ku da mutanen gida. Saƙo ya iso, na gode, Allah ya saka da alheri.

Kwana huɗu ina gurza. Yatsuna duk sun yi kanta, hancina har baƙi yake fitarwa. Inna ta ce da haka nake surfe da tuni ta huta. Baba yana jin ƙarar daga zaure, ya tambayi Inna, ta ce yarinyar nan ce take wa motarka kwalliya. Ya ce “to”. Ni kuwa wannan “to” ɗin na yini ina juya ta a raina.

Inda ya fi ba ni wahala gaban motar ne, ƙasa da fitilar dama. Akwai wasu zane-zane gajeru a jere, ɗaya bisa ɗaya, kamar an karta da ƙusa, tsatsa ta shige cikinsu. Guda goma sha ɗaya, na ƙirga don haushi. Sai da na yi yini guda kafin su ɓace.

Shekaranjiya da safe Baba ya fito. Na laɓe a bayan rumbu ina jira. Ya wuce taya, ya wuce kujera, kai tsaye hannunsa ya tafi wurin nan. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya sake shafawa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya juya ya koma zaure. Jiya bai fito ba, yau ma bai fito ba.

Gwaggo, me na yi? Na tambayi Inna, ta ce ita ba ta san komai game da ƙarfe ba. Gwangwanayen suna nan ban buɗe ba.

Taki cikin damuwa,
Munawwara

Karaye, Asabar

'Yata Munawwara,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarki sau biyu, sannan na zauna. Laifin nawa ne, ni na ce kada ki bar ko kaɗan, kuma wallahi na manta.

Zanen nan tsawonki ne. Tun kina shekara uku, duk ranar da aka fara huɗa Innarki takan riƙo hannunki ku kai masa fura gona. Ke kuwa sai ki je ki jingina da gaban motar, kina tsoron ƙarasawa wurinsa. Yakan saci kallon inda kanki ya tsaya. In kun tafi, ya ciro ƙusa ya karta. Ni na kama shi wata shekara da na zo taya shuka, ya ce in na faɗa wa kowa ba shi ba ni. Ko Innarki ba ta sani ba. Haka Babanmu ya yi masa, bai taɓa kiran sunansa ba har ya rasu, shi ma abin da ya iya ke nan.

Kada ki yi ƙoƙarin mayar da zanen a ɓoye, hannunsa zai gane. Kuma kada ki rubuto mini wata doguwar takarda. Zauren nan taku nawa ne daga ɗakinku? Ki je ki buɗe baki.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya.
Turai

Ruwan Bago, Litinin

Gwaggo,

Assalamu alaikum, ina kwana.

Na je. Na durƙusa na ce, “Baba, ni na goge, ban sani ba, ka yafe mini.” Duk kalaman da na tsara sun gudu, sai kuka. Shi kuwa ya ce, “Turai ba ta da riƙon amana.” Ya miƙo mini sandarsa ya ce in ja shi.

Da muka isa ya ce in jingina. Ya ɗora hannu ɗaya a kan motar, ɗaya a kaina, ya auna. Sai ya yi dariya ƙasa-ƙasa ya ce, “Ashe kin wuce ta. Da ma ba sauran wurin zane.” Ya tambayi launin fentin, na ce ja. Ya ce gaban nan shi zai shafa da kansa, ni in riƙe masa hannu kada ya ɓata fitila.

Gobe da hantsi za mu fara. Ya ce ki aiko da buroshi na biyu.

'Yarki,
Munawwara