Fuskokin da Na Shafe da Tawada

Assalamu alaiki Dada, mahaifiyata.

Bayan gaisuwa ta ladabi, yau da fushi na zo miki, ni da kika sani ba na ɗaga murya.

Kin tuna ɗan littafin zanen nan da nas ta ba ki ranar da aka ce kina da hawan jini? Labarin wata tsohuwa ne a hotuna. Ba ki karanta boko, amma kin ce tsohuwar ta yi kama da ke, har ɗaurin kallabin.

Hamma, babban ɗanki, ya gani ya ce hoton mai rai ba ya zama a gidanmu. Ban tambayi kowa ba. Na ɗauko tawadar allona, na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya na shafe, ina ganin lada nake samu.

Da bakinki ya karkace a Sunkani, muka ce iska ce ta buge ki. Kwana biyu muna tofi da shafa mai. Da muka kawo ki Jalingo, likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma mun makara.

Bayan rasuwarki na ga irin littafin a asibiti. Shafi na huɗu, Dada. Bakin tsohuwar a karkace, ana gudu da ita zuwa mota. Fuskar ce saƙon gaba ɗaya, kuma hannuna ne ya rufe ta.

Na san ajali ba ya jira. Amma da na je wa malaminmu, cewa ya yi zane don ceton rai lalura ce. Tambaya ɗaya tak! Ta ina tsoron Allah ya hana ni yin ta?

Abin da ya tayar min da hankali, yanzu Hamma ma hawan jinin gare shi. An ba shi littafin, ya umarci matarsa ta ƙona shi. Shi da ya ɗauki makararki!

Jiya na je gidansa a unguwar Majidaɗi da sabon littafin. Na zaunar da matarsa muka bi shi shafi-shafi a gabansa. Ya ce na yi masa rashin kunya, ya daina amsa gaisuwata. To, ya daina. Matarsa dai ta ga yadda bakin ke yi, ta kuma san inda za ta nufa.

Ki yafe mini, Dadata. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya zuciyar Hamma, Ya sanyaya tawa.

'Yarki mai kewarki,
Adda