Rogon Illo

Hasiya,

Na ga kin gaji, shi ya sa ban tashe ki ba. Mun tafi rangadi Kore Mairuwa, sai Alhamis.

Jiya da la'asar na iske wata tsohuwa tana haƙar rogo a garkar da aka ba mu. Na kore ta da faɗa, har da nuna mata takardar garkar da aka yi mini a biro, ofishin hukuma. Ta zube rogon, ta tafi. Ashe uwar Illo ce, wanda ya riƙe garkar kafin a ɗauke shi soja. Shi ya dasa, kuma a nan ko ƙasa ta sake hannu, amfanin na wanda ya shuka ne. Shekara takwas a Dakar ta mantar da ni. Da rogon nan take rayuwa.

Kada a tuge ko gindi ɗaya. Na san kin matsu ki dasa albasarki, yi haƙuri. Rogon da ta zube na zaure, ki kai mata da kanki, kin fi ni iya magana. Ki ce Inna ta ci gaba da zuwa. In na dawo, ni zan haƙa mata.

Gado